Gidan Da Aka Hana Mu Shiga

"Ba za ki kwana a gidan nan ba, Nyar Seme, muddin Ogutu bai fita da zakaransa ba."

Haka Min Ogutu ta faɗa mini tana tsintar ƙananan kifi a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Nyar Seme, wato 'yar Seme, da sunan garinmu dangin Odera suke kirana. 'Ya'ya maza biyu ta haifa, amma da sunan babban ake kiranta, kuma shi kaɗai ne ɗa a idonta. A al'adarmu, da zakara ɗa namiji yake fita daga gidan mahaifinsa ranar da zai kafa nasa. Odera, ƙaramin, wanda zan aura, yana tsaye a gefena kamar an dasa shi.

"Mama, ai ba gidan gado ba ne," na ce ina danne murya. "Kamfani ne ya gina, saya muka yi."

"Yana da ƙofar kansa?"

"Yana da ita."

"A ƙasar Luo yake ko a Nairobi?"

"A tudun Riat ne, Mama, kin sani."

"To gida ne. Ƙane ba ya kafa gida kafin wansa. So kike chira, cutar karya al'ada, ta kama mini ɗa, ya rame ya bushe ina kallo? Ba za a yi wannan da raina ba."

Na juya na dubi Odera. Ƙasa yake kallo.

Shekaru muka yi muna tarawa a ƙungiyar adashin ma'aikata, ni daga albashin koyarwa, shi daga na hukumar ruwa. Da aka fara tallar sababbin gidaje ga waɗanda ba su taɓa mallakar gida ba, muna cikin na farko da suka sa hannu, tun gidan yana zane a takarda. Ɗaki biyu ne da falo. Ni na zaɓi tayil ɗin kicin, ni na roƙi magina su juya tagar uwarɗaka ta kalli tafki. An gama, an miƙa mana mabuɗi, sai ga shi wai ba mu da izinin ko gyangyaɗi a ciki.

Dariya na ji daga bayanmu. Ogutu ne a bakin ɗakinsa, yana sakace haƙori.

"Malama, ki yi haƙuri mana. Zan fita. Ko baɗi, ko baɗin baɗaɗa. Kin san ni ba na son gaggawa."

Shi ya fara nemana kafin Odera. Na ce masa a'a a gaban abokansa, saboda a gaban abokansa ya tare ni yana cewa ya riga ya saye ni da kwalbar lemo. Bai taɓa yafewa ba. Ya yi aurensa, har sun haihu, amma ya ƙi fita daga gidan mahaifinsu ya kafa nasa, alhali filinsa yana nan ciyawa ta cinye. Ba rashi ne ya zaunar da shi ba. Ya gano cewa muddin yana zaune, ni ma a tsaye zan ƙare.

Na tsane shi, ba na kuma jin kunyar faɗi.

A gidanmu ma wuta ce. Babana ya rantse ba zai kai 'yarsa tsakar gida ɗaya da Ogutu ba, kuma ya gaji da jira.

"Awiti, Ojwang ya sake aiko da mutane," ya ce mini ranar Lahadi bayan coci. "Mutum mai motocin yashi, mai gida a tsaye. Shanun sadakinsa suna ɗaure, kalma ɗaya yake jira."

"Baba, ba na son sa."

"Wanda kike so fa? Namijin da ya sayi gida yake neman izinin shiga? Ƙannenki mata biyu suna bayanki, ba za su motsa ba sai kin motsa. Na ba Odera zuwa ƙarshen wata."

Na kira Odera na ce mu haɗu a gidan. Ya zo, amma a dakalin waje ya zauna, wai kada barci ya ɗauke shi a ciki. Abin ya ba ni dariya, dariyar ta koma kuka.

"Odera, ka dube ni. Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba, Awiti."

"To me ya sa kowa yake da baki a kanmu sai kai? Na ƙi mai mota saboda kai. Takalmin nan nawa sau nawa aka ɗinke shi don mu ga an ɗora rufin nan? Yanzu rufin ya hau, ka zauna a waje kamar mai gadi."

"Uwata ce. Yayana ne. Ya kike so in yi?"

"Ni fa? Ni wace ce?"

Ya kama hannuna, idanunsa sun kaɗa. "Ke ce raina, kin sani. Ki ƙara mini lokaci, zan shawo kansa."

"Ogutu ba ya shawuwa. Ranar da ya ga Ojwang ya ɗauke ni, ranar zai fita da zakaransa yana rawa."

Can ya ce a hankali, "Mama ta karɓi mabuɗina."

Na zare hannuna. "Ta karɓa ta yi me da shi?"

"Wai za ta kawo matan cocinsu su yi addu'a a ciki."

"Kai kuma ka ba ta."

"Addu'a ce fa, Awiti."

Ina son Odera kamar in haɗiye shi, amma wani lokaci taushin zuciyarsa yakan sa in ji kamar in girgiza shi har haƙoransa su haɗu.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Kibuye sayen tumatir, sai ga Achola matar Ogutu da goyonta, ta rungumo sabuwar tukunya da jan zakara a hammata. Baiwar Allah ce, ba ruwanta. Tana ganina ta saki fuska ta riƙo ni.

"Nyar Seme, ban san da wane baki zan gode miki ba. Ba kowace mace za ta yi abin da kika yi ba."

"Me na yi?"

"Gidan mana. Baban yarinya ya ce kun bar mana, tunda shi ne babba, ku sai ku zauna wajen Mama kafin ku sayi wani. Gobe Baffa Obura zai fita da mu. Har an cire rufin ɗakinmu yau da safe."

Na dafa teburin mai tumatir.

Wato shawarar da suka yanke ke nan. Babba ya fita a gidan ƙane, al'ada ta cika, uwa ta huta. Wanda ya fara kunna wuta a gida, ya kwana da matarsa, zakaransa ya yi cara, ai ya kafa, ba dattijon da zai yarda a fitar da shi. Takarda tana hannunmu, amma wa zai ga Odera ya kai yayansa kotu? Ogutu zai miƙe ƙafa a ɗakin da na juya wa taga, yana kallon tafkina.

"Allah ya sanya alheri, Achola," na ce. Ban san yadda maganar ta fito ba.

Daga nan ɗan acaɓa na tare, na biya na ɗauki kafinta. Tun ranar da aka ba mu gidan, Madam Kerubo mai sayar da gidajen ta ja ni gefe ta ce in canza kwaɗo, domin magina a sari ɗaya suka sayo su, mabuɗin wani yakan buɗe ƙofar wani. Muna ta jinkiri. Ranar na canza, na gaba da na baya. Ban gaya wa Odera ba, don na san kafin rana ta faɗi sabon mabuɗin zai isa hannun uwarsa.

Niyyata ke nan kawai: su zo su tarar da ƙofa a kulle, su koma da kunyarsu.

Juma'a da yamma ina gyara littattafan yara, waya ta yi ƙara. Ogutu ne.

"Malama, na ce bari in gaishe ki daga sabon gida."

Ya ɓalle ƙofa ke nan?

"Ashe haka kika iya zaɓe," ya ci gaba, muryarsa cike da daɗi. "Kujerun nan kamar a otal. Labule har ƙasa. Gadon kuwa, ai yanzu haka a kansa nake. Da kin ce mini e tun farko, da tare za mu hau."

Na ajiye jan biro. Mu da ko tabarma ba mu kai ba, ina muka ga gado?

Sai na gane. Sau ɗaya Ogutu ya taɓa zuwa wurin, tun ba a yi fenti ba. Yanzu gidajen sun jeru launi ɗaya, ƙofa iri ɗaya, ba a ma liƙa lambobi ba tukuna. Ya gwada mabuɗin a ƙofarmu ya ƙi, ya matsa ta kusa ya buɗe. Ta kusa kuwa gidan nuni ne, wanda kamfani ya ƙawata da kaya don masu zuwa saye su gani su yi sha'awa.

Kalma ɗaya za ta fitar da su kafin duhu. Na san haka sarai. Na tuna Achola da goyonta, na ji wani abu ya soke ni. Sannan na tuna dariyarsa a bakin ɗaki, da shekarun da ya ci mini yana sakace haƙori.

"Baffa yana tare da ku?" na tambaya.

"Yana nan. Shi ya kunna wutar da hannunsa. Kuka kike yi?"

"A'a, Yaya. Ka kwana lafiya. Ka gaishe mini da zakara."

Na kashe wayar. Na kira Odera na ce gobe da safe ya zo da uwarsa, na amince, zan yi wa yayansa murna a gaban kowa. Har ya yi mini godiya, ya ce shi ma sai ɗazu aka gaya masa, ya rasa yadda zai tunkare ni. Na roƙi babana ya raka ni. Asabar ce ranar da ake kawo masu saye.

Mun iso hantsi ya ɗaga. Ogutu yana zaune a farar kujera da ya jawo waje, da kofin shayi. An haƙa rami a tsakiyar ciyawar da kamfani ya shimfiɗa, an kafa itace, zakara yana ɗaure a jiki. Toka da duwatsun murhu a bakin ƙofa. Min Ogutu tana ta guɗa. Odera kuwa yana sauka daga babur ya tsaya cak, ya dubi gidan, ya dubi na kusa, ya dube ni.

Na riga shi magana. Na durƙusa a gaban Baffa Obura, ƙanen mahaifinsu, wanda ya tsaya a matsayin mahaifin nasu tun rasuwarsa.

"Baffa, ni yarinya ce, ina so in ji daga bakinka a gaban mahaifina. An kunna wuta?"

"An kunna, 'yata."

"Ya kwana da iyalinsa?"

"Ya kwana."

"Zakara ya yi cara?"

"Har ya hana ni barcin asuba," ya ce yana dariya.

"Ke nan Yaya Ogutu ya fita daga gidan mahaifinsa?"

"Ya fita, fita ta har abada. Ko ruwa aka yi ya same shi a can, ba zai sake kwana a cikin shingen nan ba."

"Ƙanensa fa?"

"Hanya ta buɗe masa. Ya yi aure, ya shiga gidan da ya ga dama."

Na dubi babana. Ya gyaɗa kai.

A daidai nan farar mota ta tsaya. Madam Kerubo ta fito da wasu ma'aurata biyu a bayanta, tana cewa, "Ga shi nan, irin wanda za ku samu ke nan, komai sabo fil." Sai ta yi arba da zakara. Ta ga rami, ta ga wankin jariri a kan labulen da aka ciro aka ɗaura kamar igiya.

"Su wane ne ku? Wa ya buɗe muku nan?"

Ogutu ya miƙe yana gyara wando. "Ki iya bakinki, baiwar Allah. Gidan ƙanena ne, yanzu kuma nawa."

"Wane ƙanen naka?"

Ya nuna Odera.

"Na Odera ga shi can," ta ce tana nuna ƙofarmu. "Wannan na kamfani ne, ba na sayarwa ba ne ma. Ku kwashe tarkacenku kafin in kira 'yan sanda. Kai, mai gadi, zo nan ka yi mini bayani."

Kofin ya suɓuce daga hannun Ogutu. Ɗaya daga cikin matan da suka zo saye ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Guɗar Min Ogutu ta maƙale.

"Baffa, ai kuskure ne," Ogutu ya ce. "Sai mu matsa can, a sake."

Tsohon ya daɗe yana kallon toka. "Ba a sakewa, Ogutu. Sau ɗaya ake fita da mutum. Zakara bai san takarda ba, inda ya yi cara ya yi."

"To in koma gida ke nan."

"Wane gida? Da hannunka ka cire rufin."

Ogutu ya juyo gare ni, idanunsa kamar garwashi. "Ke ce. Kin sani tun jiya."

"Na sani," na ce, na miƙe tsaye ina kaɗe gwiwa. "Kai ka kira ni ka gaya mini. Ka ce ba ka son gaggawa, Yaya. Da ka tsaya ka tambayi wace ƙofa ce."

"Muguwa," in ji Min Ogutu. "Kin bar jikata a titi."

"Ni na ba shi mabuɗi, Mama? Addu'a kika ce za a yi. Ga ta nan an amsa."

Wallahi na ji daɗi. Daɗin ya ratsa ni har tafin ƙafa, ban kuma ɓoye ba. Shekarun da na yi ina haɗiyar magana, ranar na ga Ogutu yana naɗe katifa a gaban baƙi, mai gadi yana tsaye a kansa.

Sai na ji kukan Achola. Ba ta zagi kowa ba. Tana zaune a gefen kwalbati da tukunyarta a cinya, jaririyar tana ta tsala ihu a bayanta. Na kau da kai.

Odera ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Kin canza kwaɗo."

"Na canza."

"Ba ki gaya mini ba."

"Da na gaya maka, da yanzu yayanka yana kan tayil ɗina."

"Awiti, da kin faɗa musu jiya, da sun fita kafin zakara ya yi cara."

"Da kuma har yanzu muna jira. Ka ji abin da Baffa ya ce? An sake mu, Odera. Abin da ka kasa a shekaru na yi shi a yini ɗaya. Ga babana nan, ka je ka gaya masa ranar da shanu za su zo."

Bai dubi babana ba. Ya miƙo mini tafin hannunsa.

"Ba ni mabuɗin."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Kwana biyu kawai, kafin a kafa musu rumfa a filinsa. Dubi yarinyar nan. Ina za su kwana yau?"

"Wanda ya fara kwana a gida shi ke da shi. A gidanku na koyi wannan."

"Yayana ne."

"Ɓarawon gidanka ne."

"Duk da haka yayana ne." Hawaye suka zubo masa. "Kada ki sa in zaɓa, don Allah. Ban taɓa roƙonki abu irin wannan ba."

"Kullum kai ba ka zaɓa, ni ake bari da asara." Na riƙe jakata gam. "Akwai ɗakunan haya a Kondele. Akwai gidan fasto. Zan biya wa Achola da 'yarta ko na wata ne, da hannuna. Amma Ogutu ba zai taka gidan nan ba, ko a mafarki."

"Ba zai karɓi kuɗinki ba, kin sani."

"To ya kwana da girman kansa."

Ya daɗe hannunsa a miƙe. Ni ma na daɗe ina kallonsa. Sannan na ciro mabuɗin daga jaka, na wuce shi, na je ƙofarmu na buɗe ta warai. Ƙamshin sabon fenti ya bugo ni. Na tsaya a bakin ƙofa na juyo.

"Ga gidanka, Odera. Babu mai hana ka yanzu. Shigo."

Ogutu ya riga ya kama hanyar fita da zakara a hammata, uwarsa tana bin sa tana sharɓe, Achola tana ta fama da katifa ga goyo ga tukunya.

Odera ya tako ɗaya zuwa wajena.

Sai katifar ta suɓuce wa Achola ta faɗi cikin kwalbati. Ya juya, ya sunkuya ya ɗauke ta ya aza a kansa. Ya tsaya haka a tsakiyar hanya, fuskarsa a ɓoye ƙarƙashin katifar, ban iya ganin idanunsa ba.

"Odera," na kira shi.

Ya bi yayansa.

Babana ya zo ya tsaya a gabana, ya cire hula ya mayar. "Awiti, wa zan ce ya kawo shanu?"

"Ka je gida, Baba. Zan zo."

Na jira har suka fice daga babbar ƙofa, bai waiwayo ba. Sannan na shiga, na rufe, na murɗa mabuɗi. Na zauna a kan tayil ɗin da na zaɓa, na yi kukan da na hana Ogutu ya gani.